Kasuwar Yafiya: Tarihin Korarrun Kociyoyin Jami'o'in Amurka

A yawancin ƙasashen duniya, wasan da ɗaliban jami'a ke bugawa tsakaninsu harka ce ta motsa jiki da nishaɗi, ba kowa ma ke zuwa kallo ba. A Amurka lamarin ya sha bamban. Ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana karo da juna, ta zama babbar sana'a a jami'o'i, har filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000, kuma a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'ar jiha albashi, ko da gwamna ne. Idan mai irin wannan kujera ya yi abin kunya aka sallame shi, jaridu kan rubuta cewa tasa ta ƙare. Tarihin shekaru 50 da suka wuce ya nuna cewa sau da yawa jaridun sun yi gaggawar yanke hukunci. Wasu korarrun sun koma aiki kafin shekara ta zagayo, wasu sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe musu ba, kuma duk wanda ya bi labaransu ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa girman laifi bai cika raba waɗannan da waɗancan ba. Abin da ke raba su lissafi ne irin na ciniki: nasara nawa mutumin zai iya kawowa, kuma kuɗi da mutunci nawa sabuwar jami'a za ta rasa idan ta ɗauke shi. Maganar tuba da nadama tana shigowa ne a jawabin ranar gabatar da shi, bayan an riga an gama lissafin a ofis.

Tushen wannan hali yana cikin yadda aka gina hukumar da ke sa ido a kan wasan. Jami'o'in Rutgers da Princeton ne suka buga wasan farko a 1869, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 19 wasan ya yi ƙaurin suna wajen karya ƙasusuwan samari. A 1905 mace-mace suka yi yawa har Shugaba Theodore Roosevelt ya gayyaci wakilan manyan jami'o'i fadarsa, abin da ya kai ga kafa ƙungiyar jami'o'i a 1906, wadda ta ɗauki sunan NCAA a 1910. Jami'o'i ne mambobin NCAA, shi kuwa koci ma'aikacin mamba ne kawai. Saboda haka da hukumar ta fara hukunci da gaske a shekarun 1950, bulalarta a kan makaranta take sauka: a hana ta wasannin ƙarshen kaka, a hana nuna wasanninta a talabijin, a rage mata guraben karatu kyauta da take jawo 'yan wasa da su. Kocin da aka yi laifin a zamaninsa yana iya naɗe tabarmarsa ya yi gaba. A tsakiyar shekarun 1950 NCAA ta hukunta Texas A&M kan saɓa dokar ɗaukar 'yan wasa lokacin da Paul Bryant ke riƙe da ƙungiyar. A 1958 Bryant ya koma Alabama, ya ci kambun ƙasa sau 6, kuma har yau filin wasan jami'ar yana ɗauke da sunansa. Tun daga wannan zamani manyan jami'o'i suka gane cewa hukunci yana tsayawa a inda aka yi laifi, mutumin kuma yana tafiya da gwanintarsa.

Ƙarshen shekarun 1970 ya kawo labarai biyu masu kama da juna waɗanda suka ƙare daban. A watan Disamba na 1978, a wasan Gator Bowl, Woody Hayes na Ohio State ya kai wa wani ɗan wasan Clemson naushi a gefen fili, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Hayes ya shafe kaka 28 a jami'ar, ya kawo mata kambun ƙasa fiye da sau ɗaya, amma washegari aka sallame shi, bai sake horar da kowace ƙungiya ba har ya mutu a 1987. Ba a cika shekara ba sai Arizona State ta kori Frank Kush, bayan wani tsohon ɗan wasansa ya kai ƙara cewa kocin ya nushe shi, kuma jami'ar ta zarge shi da matsa wa mutanensa lamba su yi shiru. Kush ya samu aiki a Kanada da ƙungiyar Hamilton a 1981, ya zama kocin Baltimore Colts a gasar ƙwararru ta NFL a 1982, a 1996 kuma jami'ar da ta kore shi ta sa wa dandalin wasanta sunansa. Bambancin mutanen biyu a fili yake. Na Hayes miliyoyin mutane sun gani da idonsu, shekarunsa 65, kuma ƙungiyarsa ta sha kashi a hannun babbar abokiyar hamayyarta Michigan shekara 3 a jere. Na Kush zargi ne da ya musanta, ba a gaban kyamara ba, kuma shekarunsa 50, da sauran aiki a jikinsa. Wanda ya ɗauki Hayes zai ɗauki hoton naushin tare da shi, ribar da zai samu kuma kaɗan ce.

Abin da ya mayar da wannan lissafi babbar kasuwa shi ne kuɗin talabijin. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ƙwace wa NCAA ikon mallakar cinikin nuna wasanni, ta bar jami'o'i da gungun gasanninsu su sayar da nasu da kansu. Daga nan farashi ya yi ta hawa, har a 2022 gasar Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara 7 ta kimanin dala biliyan 7. Da kuɗi ya yi yawa, kocin da ya iya cin wasa ya zama kadara mai tsada, kuma ba a jefar da kadara mai tsada don tabo. Jackie Sherrill ya ajiye aiki a Texas A&M a watan Disamba na 1988 bayan NCAA ta hukunta jami'ar, duk da dai hukumar ba ta kama shi da hannu kai tsaye ba, kuma a kakar 1991 yana kan kujera a Mississippi State. Barry Switzer ya bar Oklahoma a 1989 cikin takunkumin NCAA da kamen 'yan wasansa kan harbi da fyaɗe da sayar da hodar iblis, amma a 1994 Dallas Cowboys ta ɗauke shi, ya ci kofin Super Bowl a farkon 1996. Mafi tsananin hukuncin wannan zamani ya faɗa kan jami'ar SMU da ke Dallas, wadda aka soke mata kakar 1987 gaba ɗaya saboda biyan 'yan wasa a ɓoye. Sai a 2009 ta sake zuwa wasan ƙarshen kaka. Ron Meyer, kocin da ya gina ƙungiyar da ta shahara, tun 1982 ya riga ya koma NFL.

NCAA ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa da wani takunkumi da ke bin mutum duk inda ya je: a cikin wa'adin da aka yanka masa, duk jami'ar da ta ɗauke shi sai ta bi sharuɗɗan da aka gindaya masa, ko ta gurfana gaban kwamiti ta kawo hujjar da za ta hana a hukunta ta. Takunkumin yana da nauyi a takarda, amma iyakarsa jami'o'i, NFL ba ruwanta da shi. Pete Carroll ya bar USC zuwa Seattle a watan Janairu na 2010, watanni kaɗan kafin a hana jami'ar wasannin ƙarshen kaka na shekara 2 a kuma rage mata gurabe 30. Chip Kelly ya samu takunkumin wata 18 a 2013 alhali yana can yana horar da Philadelphia Eagles, ya gama wa'adinsa yana karɓar albashin ƙwararru, a 2017 kuma UCLA ta ɗauke shi. Jim Harbaugh ya ci kambun ƙasa da Michigan a watan Janairu na 2024, a wannan watan kuma ya koma Los Angeles Chargers, sannan takunkumin shekara 4 ya biyo shi a bayansa. Ko Jim Tressel, wanda ya bar Ohio State a 2011 saboda ya ɓoye abin da ya sani game da 'yan wasansa, aka kuma ɗora masa takunkumin shekara 5, bai sake zama kocin jami'a ba, amma a 2014 ya zama shugaban Jami'ar Youngstown State sukutum, a 2025 kuma mataimakin gwamnan jihar Ohio. Mutumin da aka ce bai dace ya kula da 'yan wasa ɗari ba, shi aka danƙa wa jami'a da dubban ɗalibanta.

A farkon shekarun 2000 ne hanyar dawowa ta zama sananniyar turba da kowa ya san matakanta. A watan Disamba na 2001 Notre Dame ta ɗauki George O'Leary, bayan kwana 5 ya ajiye aikin da aka gano cewa a takardar tarihin aikinsa ya rubuta digiri na biyu da bai yi ba. Ya tafi Minnesota Vikings ya yi mataimaki na shekara 2, sannan Jami'ar Central Florida, wadda a lokacin ba ta cikin manya, ta ba shi ƙungiyarta a 2004. Kakarsa ta farko bai ci wasa ko ɗaya ba, amma a watan Janairu na 2014 ya doke Baylor a Fiesta Bowl, jami'ar kuma ta kafa mutum-mutuminsa a bakin fili. Mike Price kuwa Alabama ta kore shi a watan Mayu na 2003 tun bai jagoranci wasa ko ɗaya ba, saboda labarin daren da ya yi a wani gidan rawar tsiraici a Florida, kuma kafin shekarar ta ƙare Jami'ar Texas da ke El Paso ta ɗauke shi. Rick Neuheisel, wanda Washington ta kora a 2003 kan shiga cacar hasashen wasan ƙwallon kwando, ya kai jami'ar da NCAA kotu, aka sasanta da shi a kan dala miliyan 4.5, ya yi mataimaki a Baltimore Ravens, a ƙarshen 2007 UCLA ta kira shi. Matakan ke nan: a ɓace na ɗan lokaci, a karɓi ƙaramin aiki a NFL ko a ƙaramar jami'a mai yunwar suna, a ci wasanni, sai manya su dawo da tayi. Ƙaramar jami'a tana samun gwanin da a da ba za ta iya biya ba, a farashi mai sauƙi. Babbar jami'a kuma tana jira wani ya fara shan surutun jama'a a madadinta.

Babu wanda ya taka waɗannan matakai sau da yawa kamar Bobby Petrino. A 2007 ya bar Atlanta Falcons bayan wasa 13 kacal, ya sanar da 'yan wasansa ta wata gajeriyar takarda da aka ajiye musu a ɗakin canza kaya, ya wuce Arkansas. A can ya ci wasa 21 cikin 26 a kakarsa biyu na ƙarshe. Ranar 1 ga Afrilu 2012 ya yi hatsari a kan babur, ya ce shi kaɗai ne, sai rahoton 'yan sanda ya nuna cewa yana ɗauke da wata mata da yake nema a ɓoye, wadda ya ba aiki a ofishin ƙungiyar daga cikin masu nema 159, ya kuma ba ta dala 20,000. Daraktan wasanni Jeff Long ya kore shi cikin kwana 10, jaridu suka yi ta yaba wa Long cewa ya fifita gaskiya a kan nasara. Wata 8 bayan haka Western Kentucky ta ɗauki Petrino. A 2014 Louisville, wadda ya taɓa bari, ta dawo da shi, kuma a hannunsa Lamar Jackson ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa a 2016. Abin da ya sa Louisville ta sallame shi a 2018 shi ne ya ci wasa 2 cikin 10. Shi kuwa Long, Arkansas ta kore shi a 2017 bayan ƙungiyar ta yi ta shan kashi a hannun kocin da ya kawo. A ƙarshen 2023 Arkansas ɗin nan ta sake ɗaukar Petrino a matsayin mai tsara kai hari, a 2025 kuma ta ba shi riƙon ƙwarya. Jami'a ɗaya ta kori mai laifi, ta kori wanda ya kore shi, sannan ta dawo da mai laifin, kuma a kowane mataki yawan wasannin da ake ci ne ya ba da umarni.

A shekarun 2010 Nick Saban na Alabama ya mayar da gyaran suna wani sashe na aikinsa. A lokacin dokar NCAA ta ƙayyade yawan mataimakan da za su horar da 'yan wasa a fili, amma ba ta ƙayyade yawan masu nazarin bidiyon wasa da ke zaune a ofis ba. Saban ya cika waɗannan kujeru da tsofaffin shugabannin ƙungiyoyi da aka kora, har ofishinsa ya zama kamar gidan wanki, a kawo suna da datti a fita da shi a goge. Lane Kiffin, wanda USC ta sallama a filin jirgin sama cikin dare a 2013, ya zama mai tsara masa kai hari a 2014, daga nan ya wuce Florida Atlantic, sannan Ole Miss. Steve Sarkisian, wanda USC ta kora a 2015 saboda matsalar giya, ya shigo a matsayin mai nazari a 2016, a 2021 kuma ya karɓi Texas, ɗaya daga cikin kujeru mafi tsada a ƙasar. Mike Locksley, wanda ya ci wasa 2 cikin 28 a New Mexico aka kuma taɓa dakatar da shi kan faɗa da mataimakinsa, ta nan ya bi ya samu Maryland. Saban ba sadaka yake yi ba. Mutumin da tsohuwar jami'arsa ke ci gaba da biyansa kuɗin sallama ba ya buƙatar babban albashi, don haka Alabama tana samun ƙwaƙwalwar shugaba a farashin yaron ofis.

Za a iya cewa, kuma da gaskiya, ai ɗan Adam ajizi ne, wanda ya faɗi ya cancanci a ba shi hannu ya tashi. Sarkisian ya nemi magani, ya yi shekaru a ƙarƙashin wasu, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe wa mutum hanyar cin abinci har abada saboda ciwon shaye-shaye da ya yi ƙoƙarin rabuwa da shi. Matsalar ita ce wannan kasuwa ba ta da ma'aunin da take gane tuba da shi, kuma ba ta neman irin wannan ma'auni. Hugh Freeze ya ajiye aiki a Ole Miss a watan Yuli na 2017, bayan an gano kira zuwa lambar masu haɗa maza da mata masu zaman kansu a wayar da jami'a ta ba shi, a daidai lokacin da NCAA ke binciken ƙungiyarsa, binciken da ya sa aka hana jami'ar wasannin ƙarshen kaka na shekara 2 aka kuma soke mata nasarori 33. A ƙarshen 2018 Jami'ar Liberty, wadda ta kafu a kan aƙidar Kiristanci, ta ɗauke shi da jawabai masu yawa a kan gafara, a ƙarshen 2022 kuma Auburn ta kira shi. Abin da Auburn ta tuna game da Freeze shi ne ya doke Alabama ta Saban a 2014 da 2015, kuma babu abin da magoya bayan Auburn ke so a duniya kamar doke Alabama. Da ya kasa cin wasanni, a 2025 aka sallame shi. Da a ce tuba aka duba wajen ɗaukarsa, ai tubar tana nan ba ta je ko'ina ba ranar da aka kore shi.

Wani mai suka zai nuna Art Briles ya ce ga shaida cewa akwai iyakar da ba a tsallakewa. Baylor ta kori Briles a watan Mayu na 2016 bayan binciken wani kamfanin lauyoyi ya gano cewa jami'ar da sashen ƙwallonta sun yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen mata kan fyaɗe da cin zarafi daga 'yan wasa. Shugaban jami'ar, Ken Starr, shi ma ya rasa kujerarsa. Briles ya musanta cewa ya rufe wa kowa asiri, kuma a 2021 NCAA ta ce ba ta samu dokarta da ya karya ba, duk da ta soki halinsa. Hakika manyan jami'o'i sun guje shi, ya koma horar da wata ƙungiya a birnin Florence na Italiya da wata makarantar sakandare a Texas. Sai dai a duba yadda gujewar ta kasance. A 2017 ƙungiyar Hamilton ta Kanada ta sanar da ɗaukarsa, ta janye a ranar saboda hayaniyar jama'a. A 2019 kocin Southern Mississippi ya so ya kawo shi, hukumar jami'a ta taka birki. A 2022 Grambling State ta ɗauke shi, ya ajiye aikin cikin 'yan kwanaki bayan tsofaffin ɗalibai sun tayar da jijiyar wuya. Sau 3 masu harkar ƙwallo suka so shi, sau 3 mutanen waje suka hana. Ian McCaw kuwa, daraktan wasannin Baylor da ya yi murabus a wannan badaƙala, sunansa bai kai na Briles amo ba, don haka Liberty ta ɗauke shi a 2016 ɗin, kuma shi ne ya kawo Freeze. Iyakar tana nan, amma tsoron ƙara a kotu da fushin masu ba da gudummawa ne suka shata ta.

Labarin DJ Durkin ya fi nuna haka. A watan Yuni na 2018 Jordan McNair, ɗan wasan Maryland mai shekara 19, ya mutu makonni 2 bayan zafi ya buge shi a wurin atisaye, kuma bincike ya nuna cewa masu kula da lafiya ba su yi gaggawar sanyaya masa jiki ba. Shugaban jami'ar ya fito ya ɗauki alhakin kurakuran. Wani kwamiti ya sami labarin wulaƙanta 'yan wasa daga mai horar da ƙarfin jiki, ya ce Durkin bai sa masa ido yadda ya kamata ba. Duk da haka majalisar gudanarwar jami'a ta mayar da Durkin aiki ranar 30 ga Oktoba, sai da ɗalibai da 'yan siyasa suka yi ca aka kore shi washegari. A farkon 2020 Kiffin ya ɗauke shi a Ole Miss, daga nan Texas A&M, sannan Auburn, inda ya karɓi riƙon ƙwarya bayan korar Freeze. An rasa rai a ƙarƙashin kulawarsa, amma ya dawo cikin wata 14, domin ta ƙofar mataimaki ya shigo inda idon jama'a ba shi da yawa.

Idan aka juya aka dubi waɗanda ba su dawo ba, lissafin bai canza ba. Mark Mangino ya ci wasa 12 cikin 13 da Kansas a 2007, aka ba shi kyaututtukan gwarzon koci. Binciken yadda yake mu'amala da 'yan wasa ya taso ne a 2009, lokacin da ƙungiyar ke cikin jerin shan kashi 7, kuma bai sake shugabantar ƙungiya ba. Akwai dalilin kuɗi a nan. Kocin da aka kora don rashin nasara kawai sai an biya shi ragowar kwantiraginsa, kamar yadda Texas A&M ta ɗauki nauyin biyan Jimbo Fisher fiye da dala miliyan 75 a 2023. Wanda aka kora bisa laifi kuwa ana iya hana shi ko sisi. Don haka jami'a takan gano tarbiyya a daidai lokacin da ƙungiya ke faɗuwa. Tennessee ta kori Jeremy Pruitt bisa laifi a farkon 2021 bayan kakar da ya ci wasa 3 cikin 10. Michigan State ta kori Mel Tucker a 2023 kan zargin cin zarafi da ya musanta, da kusan dala miliyan 80 da suka rage a kwantiraginsa na miliyan 95. Wannan ba ya nufin laifuffukan ƙirƙira ne, yana nufin dai lokacin da ake ɗaukarsu da muhimmanci ba na tsautsayi ba ne. Launin fata ma yana da hannu a rabon dama ta biyu. Sylvester Croom, baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiya a gasar SEC, ya bar Mississippi State a 2008 ba tare da wani abin kunya ba, bai sake samun irin kujerar ba. Jon Embree, wanda Colorado ta kora a 2012 bayan kaka 2 kacal, ya faɗa a fili cewa kociyoyi baƙar fata ba su cika samun dama ta biyu ba. Locksley da Tyrone Willingham sun samu, amma ana iya ƙirga irinsu da yatsu.

Waɗanda suka fi biyan farashi a duk wannan tarihi su ne 'yan wasa. Ɗan wasa yana da kaka 4 kacal, kuma har zuwa 2021 idan ya canza jami'a yawanci sai ya zauna shekara guda bai buga ba, alhali kocinsa yana iya tashi yau ya fara aiki gobe a wani wuri. 'Yan wasan Ohio State 5 na zamanin Tressel an dakatar da su wasa 5 saboda sun sayar da zobba da rigunan da su aka ba, waɗanda suka biyo bayansu kuma aka hana su wasan ƙarshen kaka a 2012 duk da ba su sha kashi ko sau ɗaya ba. Reggie Bush, ɗan wasan USC na zamanin Carroll, ya mayar da kyautarsa ta Heisman a 2010, sai a 2024 aka dawo masa da ita, a tsakanin nan Carroll ya ci Super Bowl. Yanzu wannan ɓangare ya fara sauyawa. Tun 2021 ɗan wasa yana iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa, yana iya canza jami'a ba tare da jira ba, kuma sasantawar da kotu ta amince da ita a 2025 ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kimanin dala miliyan 20 ga kowace jami'a a shekara. Yawancin abin da aka rusa SMU a kansa ya zama halal.

Wannan sauyi zai rage nauyin tsofaffin laifuffukan biyan kuɗi a ɓoye, amma zai ƙara nauyin laifin cutar da mutane, domin a karon farko waɗanda ake cutarwa suna da hanyar sa wa koci farashi. Kocin da ya yi suna da wulaƙanta yara yana iya wayar gari rabin ƙungiyarsa sun nemi canjin makaranta, iyaye kuma sun hana masu tasowa zuwa wurinsa, kuma wannan asara ce da daraktan wasanni zai gani a teburin maki. Shekaru fiye da 100 na dokokin NCAA, da kwamitocin bincike, da jawaban shugabannin jami'a a kan mutunci, ba su canza tambayar da ake yi kafin a ɗauki korarren koci ba. Abin da tarihi ya nuna yana tasiri shi ne a sa ɗaukar mai cutarwa ya yi tsada, ko ta ƙarar da iyali suka shigar, ko ta ɗalibai da suka fito zanga-zanga, ko ta 'yan wasa da suka ƙi zama. Duk wanda ke son jami'o'in Amurka su riƙa tambayar wa aka cuta kafin su tambayi wasa nawa aka ci, sai ya ƙarfafa hannun waɗannan mutane, domin su kaɗai ne suka taɓa sa masu ɗaukar aiki suka ja da baya.